Harshen damo a bakin ɗan siyasa, da yadda ake auna shi da abin da ya taɓa aikatawa

Da wuya gogaggen ɗan siyasa ya yi magana mai harshen damo bisa kuskure. Idan aka tambaye shi ko zai sake tsayawa takara ya ce "lokaci bai yi ba", ko "abin da jama'a suka ce shi za a yi", ko "mulki na Allah ne", ya san abin da yake yi. Mutane iri uku yake wa magana a lokaci guda. Akwai magoya baya da ke son su ji bai janye ba. Akwai 'yan hamayyar cikin gida da yake so su ci gaba da jira kada su fara haɗa kai. Akwai kuma alƙalai da jakadun ƙasashen waje da za su iya riƙe shi da kalmarsa gobe. Dole jimla ɗaya ta wadatar da su duka. Shi ya sa zama a yi ta feɗe kalmomin ba ya kai mai sauraro ko'ina, domin tun farko an gina su ne su ɗauki ma'ana biyu.

Abin da ke raba gardama shi ne tarihin mai maganar. Sai dai tarihin mutum buhu ne mai faɗin baki, kowa na iya zura hannu ya zaro abin da ya dace da ra'ayinsa. Masoyi ya zaro ranar da ya cika alkawari, maƙiyi ya zaro ranar da ya lashe amansa, kowa ya tafi da gaskiyarsa. Aikin yana da ƙa'ida, kuma yawancin kurakuran da ake yi a sharhin siyasa daga tsallake ƙa'idar suke fitowa.

Kafin tarihi, a samo maganar kanta

Mafi yawan kalaman da ake taƙaddama a kansu ba sa isowa ga mai sauraro yadda aka faɗe su. Sun bi ta hannun mai fassara, daga Hausa zuwa Turanci ko daga Faransanci zuwa Hausa, ko kuma an yanko daƙiƙa talatin daga jawabin awa guda an watsa a WhatsApp. Saboda haka matakin farko shi ne neman cikakken sauti ko bidiyo. A duba da wane harshe aka yi maganar, a gaban wa, da wace tambaya aka yi masa. A duba ko karantawa yake daga takarda ko da ka yake yi, domin abin da aka rubuta ya bi ta hannun mashawarta, duk wata ƙofa da aka bari a buɗe a cikinsa da gangan aka bar ta. Sannan a nemo ƙananan kalmomin da ake yawan zubarwa wajen yanka: "idan", "sai dai", "a yanzu", "ni dai". Mutumin da ya ce "ba ni da niyya a yanzu" bai yi alkawarin komai game da watan gobe ba. Wanda ya ce "ni dai ban roƙi kowa ba" bai ce zai ƙi in an ba shi ba.

A watan Mayun 2012 Muhammadu Buhari, yana jagoran jam'iyyar CPC, ya karɓi magoya bayansa daga jihar Neja a Kaduna, ya yi musu jawabi da Hausa. Ya ce idan aka maimaita a zaɓen 2015 abin da aka yi a na 2011, za a yi kare jini biri jini. Jaridun Turanci suka juya kalmomin ɗaya bayan ɗaya, aka wayi gari ana karanta cewa kare da biri za su jiƙe da jini. Jam'iyyar PDP da fadar shugaban ƙasa suka ce barazanar zubar da jini ce. Mutanensa suka ce duk Bahaushe ya san karin maganar tana nufin karawa mai zafi wadda babu mai fita salin-alin, har a kan dambe da ƙwallo ana faɗinta. Batun fassarar gaskiya ne, amma bai gama shari'ar ba, domin ko a Hausar ma karin maganar na iya ɗaukar faɗa na gaske.

A nan tarihi biyu ne, kuma dole a raba su. Na farko abin da shi kansa ya yi da hannunsa. Ya faɗi zaɓe a 2003, a 2007 da 2011, duk sau ukun an ce an yi maguɗi, duk sau ukun kuma kotu aka nufa har kotun ƙoli, wadda ta yanke hukunci a Yulin 2005, Disambar 2008 da Disambar 2011. Yanayi ɗaya sau uku, mataki ɗaya sau uku: hujja mai ƙarfi kenan a kan niyyarsa. Na biyu abin da ya faru a titi da sunansa. Bayan zaɓen 16 ga Afrilun 2011 an yi kwana uku ana tarzoma a jihohi 12 na Arewa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 suka mutu, ɓarnar ta fi muni a kudancin Kaduna. Kwamitin Sheikh Ahmed Lemu da ya binciki rikicin ya ce kiran da aka riƙa yi wa jama'a su tsare ƙuri'unsu, wanda 'yan siyasa da dama suka yi har da Buhari, wasu sun ɗauke shi a matsayin izinin ɗaukar doka a hannu. "A kasa, a tsare, a raka" a bakin jagora na nufin a tsaya a rumfa har a ƙirga ƙuri'a a bi ta zuwa wurin tattarawa. A kunnen matashin da ya yi imani an sace masa zaɓe, tana iya nufin wani abu daban.

Hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne cewa tarihinsa bai nuna yana shirya tarzoma ba, amma mutumin da ya ga abin da ya faru wata goma sha uku kafin nan ya san inda irin wannan kalma ke sauka. Niyya tambaya ce, tasiri tambaya ce daban, kuma amsar ɗaya ba ta wanke ɗayar. Akwai kuma abin da ake mantawa: sharaɗin da ya gindaya bai taɓa cika ba, tunda shi ya ci zaɓen 2015. Masu cewa "ga shi nan ba a yi komai ba" ba su tabbatar da komai ba, haka ma masu cewa da ya faɗi da ƙasa ta kama da wuta.

Wane tarihi ne ke da nauyi

Ba kowane abin da mutum ya taɓa yi ke shiga ma'auni ba. Wanda ke da nauyi shi ne abin da ya yi a yanayi irin wanda yake ciki yanzu, a lokacin da yin daidai ke da tsada a gare shi, kuma yanke shawarar na hannunsa shi kaɗai. Gwamnan da ke biyan albashi a kan kari bai gaya maka komai ba game da ko zai bar kujera cikin ruwan sanyi. Ɗan adawar da ya shekara goma yana zagin tazarce bai gwada komai ba tukuna, domin zagin bai ci masa ko sisi ba.

Wani lokacin aikin yana da sauƙi saboda hali ya maimaita kansa. Janar Ibrahim Babangida ya sa ranar miƙa mulki a 1990, ya mayar da ita 1992, ya ɗaga zuwa Janairun 1993, ya sake ɗagawa zuwa Agustan 1993, sannan ya soke zaɓen 12 ga Yuni. Da ya ce zai ja gefe, ya miƙa wa gwamnatin riƙo ta Ernest Shonekan, duk wanda ya karanta kalmar a matsayin ban kwana da mulki bai duba lissafin ba. Ya karɓi fom ɗin takara a PDP a 2006 kafin ya janye, ya sake fitowa a 2010.

Na Olusegun Obasanjo shi ne wanda ya yaudari masu sharhi da yawa, kuma ya fi koyarwa. A 2005 da farkon 2006, lokacin da batun wa'adi na uku ya cika gari, bai taɓa fitowa fili ya ce yana so ba, bai kuma fito ya kashe maganar da jimla ɗaya ba, alhali jimla ɗayar ta isa. Masu kare shi suna da hujja mai kyau a hannu: wannan fa shi ne sojan da ya miƙa mulki ga Shehu Shagari ranar 1 ga Oktoban 1979. Amma a gwada wannan hujjar da sharuɗɗan da aka ambata. Jadawalin 1979 Janar Murtala Muhammed ne ya sanar da shi a 1975, Obasanjo ya gaje shi ne bayan kisan 13 ga Fabrairun 1976, kuma yana mulki ne cikin majalisar ƙoli ta soja tare da irin su Shehu Musa 'Yar'aduwa da Theophilus Danjuma. Cika alkawarin ya cancanci yabo, amma shawarar ba tasa ce shi kaɗai ba, kuma shekara 27 sun wuce. Tarihin da ya fi kusa shi ne yadda ya tafiyar da jam'iyyarsa, inda shugabanta Audu Ogbeh ya ajiye muƙami a Janairun 2005 bayan saɓani da shi. Tsakanin tsohon tarihi da sabo, sabo ake ba fifiko, musamman idan ikon da ke hannun mutumin ya ƙaru a tsakani.

Fiye da wannan, akwai abin da ido ke iya gani. Sashe na 137 na tsarin mulkin 1999 ya hana wanda aka zaɓa sau biyu sake tsayawa, kuma sashe na 9 ya ce gyara sai da kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa da ta wakilai, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Aiki mai wannan girman ba ya ɓoyuwa. Kwamitin da mataimakin shugaban majalisar dattawa Ibrahim Mantu ya jagoranta ya cusa batun wa'adin cikin gyare-gyare sama da ɗari, aka yi ta zargin ana rabon kuɗi, mataimakin shugaban ƙasa Atiku Abubakar ya fito fili yana adawa. Ranar 16 ga Mayun 2006 majalisar dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da kudirin gaba ɗaya, gyare-gyare masu amfani suka tafi tare da shi. Obasanjo ya sha cewa bai taɓa neman wa'adi na uku ba. Wataƙila ba za a taɓa samun takarda mai sa hannunsa ba. Amma tambayar da ta fi amfani ita ce: shugaban da ke da irin wannan ƙarfi a jam'iyyarsa, mutanensa za su kwashe watanni suna wannan aiki idan ya ce su daina?

Hannu ake kallo, da ranakun

Kalmar tazarce ta yi kaka-gida a siyasar Nijar ne a ƙarshen mulkin Mamadou Tandja, kuma jerin abubuwan da suka faru a can sun isa darasi. An zaɓe shi a 1999, aka sake zaɓensa a 2004, wa'adinsa zai ƙare 22 ga Disambar 2009. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade wa'adi biyu, sashe na 136 kuma ya hana taɓa wannan ƙa'ida kwata-kwata. Ya sha cewa zai tafi idan lokacinsa ya cika. Har a watan Maris na 2009, lokacin ziyarar shugaban Faransa Nicolas Sarkozy a Yamai, ya maimaita cewa zai mutunta tsarin mulki, kuma shi bai roƙi kowa ya canza masa shi ba.

Wanda ya dogara da tarihinsa na nesa zai iya gaskata shi. Gaskiya ne yana cikin sojojin da suka yi juyin mulkin da ya kawo Seyni Kountché kan mulki a 1974, amma ya faɗi zaɓen 1993 a hannun Mahamane Ousmane ya karɓi ƙaddara. Matsalar ita ce karɓar faɗuwa kana waje daban, sauka daga kujerar da kake kai daban. Tandja bai taɓa shiga yanayi na biyun ba, don haka a kan wannan tambaya tarihinsa babu komai a ciki. Idan haka ta faru, sai a bar jiya a dubi abin da ake yi yau wanda ke cin kuɗi ko ke kawar da cikas.

Ga abin da ake yi a lokacin. Hama Amadou, firaministan da kowa ke ganin shi ne magaji a jam'iyyar MNSD mai mulki, majalisa ta tsige gwamnatinsa a ƙarshen Mayun 2007, aka tsare shi a Yunin 2008. Babu wani magajin da aka fito da shi a madadinsa. A Oktoban 2008 aka aza harsashin matatar man Damagaram, kiran a bar shi ya ƙarasa ayyukansa ya fara ƙarfi daga nan, ana lissafa madatsar Kandadji da gada ta biyu ta Yamai da ma'adinin yuraniyom na Imouraren. A Disamba aka yi gangamin tazarce a babban birni, kafafen gwamnati suna yaɗawa, ba wanda aka tsawatar wa. Shugaba mai shirin tafiya yana raino magaji, yana kuma kwaɓar masu roƙonsa ya zauna, domin suna ɓata masa suna. Babu ɗaya daga cikin biyun da aka gani. A watan Mayun 2009 harshen ya koma guda: jama'a sun roƙe shi, ba zai iya toshe kunne ba. Kotun tsarin mulki ta ce ƙuri'ar raba gardamar da ya shirya don ƙara wa kansa wa'adi ta saɓa doka a ranar 25 ga Mayu, washegari ya rusa majalisar dokoki, ranar 29 ga Yuni ya rusa kotun. Aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta, aka ƙara masa shekara uku. Sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairun 2010.

Shiru ma ana auna shi haka. Janar Sani Abacha bai ce zai tsaya takara ba har ya rasu ranar 8 ga Yunin 1998, amma an yi gangamin da aka kira na mutum miliyan biyu a Abuja a watan Maris, kuma a Afrilu duka jam'iyyu biyar da aka yi wa rajista suka tsayar da shi ɗan takararsu. A mulkin da taron mutum ɗari ke buƙatar izini, wannan shirun amsa ce.

Irin wannan awo yana aiki har a ƙananan lamura. A Mayun 2022 wasu ƙungiyoyi suka saya wa gwamnan babban bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, fom ɗin takarar shugaban ƙasa na APC a kan naira miliyan 100. Ya gode musu, ya ce bai yanke shawara ba, yana jiran shiriyar Allah. Cikin kwanaki kaɗan lauyoyinsa suna babbar kotun tarayya a Abuja suna neman a tabbatar yana iya takara ba tare da ya ajiye aikinsa ba. Ba a ɗaukar babban lauya don tambayar da ba a damu da amsarta ba.

Abin da ke ɓata hukunci

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanke hukunci tun kafin a duba, sannan a je neman tarihin da zai mara masa baya. Maganinsa a rubuta gwajin tun da wuri: idan ma'ana ta farko yake nufi, me za a gani nan da wata uku, idan ta biyu ce me za a gani? Zai fito da magaji ko kuwa masu tasowa ne za su fara samun matsala da hukumomin bincike? Wa ke biyan motocin da ke kawo masu "roƙo"? An kafa kwamitin gyaran tsarin mulki, su wa aka sa a ciki? Idan ba a rubuta ba, duk abin da ya faru sai mutum ya ce dama ya faɗa.

A lura kuma da gyaran da kakaki ke yi. Idan an yi wa shugaba mummunar fahimta a kan abin da ke cutar da shi, ƙaryatawa kan fito cikin sa'o'i, da sunansa, da kalmomi marasa kwana. Idan aka bar maganar ta yi mako tana yawo, sannan wani hadimi ya ce an juya ta ba tare da ya faɗi mece ce daidai ɗin ba, an bar ta ne ta gama aikinta. Ana kuma yin sikeli biyu: a karanta kalmar ɗan jam'iyyarmu da mafi kyawun ma'ana, ta abokin hamayya da mafi muni. Gwaji mai sauƙi shi ne a sa jimlar a bakin wanda ba a so, a ga ko hukuncin zai tsaya yadda yake.

Ko an yi komai daidai, abin da ake samu rinjayen zato ne. Alassane Ouattara na Kwaddibuwa ya faɗa ƙarara a Maris 2020 cewa ba zai sake tsayawa ba, kuma ya fito da magaji, Amadou Gon Coulibaly. Magajin ya rasu a Yuli, a Agusta Ouattara ya ce zai tsaya. Alamun sun yi daidai a ranar da aka karanta su, yanayin ne ya canza. Macky Sall na Senegal kuma ya bi ta ɗaya hanyar. Ya yi alkawarin rage wa'adinsa na farko daga shekara bakwai zuwa biyar, ya ƙare ya yi bakwai ɗin, ya kwashe shekaru yana amsa tambayar wa'adi na uku da "ba e ba, ba a'a ba". Tarihinsa ya nuna zai tsaya. Ranar 3 ga Yulin 2023, wata guda bayan tarzomar da ta biyo hukuncin da aka yanke wa ɗan adawa Ousmane Sonko, ya ce ba zai tsaya ba, yana mai nanata cewa doka ta ba shi dama. Masu zarginsa ba su yi kuskure gaba ɗaya ba, domin a Fabrairun 2024 ya ɗage zaɓen da ya rage makonni uku, majalisa ta mayar da shi Disamba.

Saboda haka bayan an auna mutumin sai a auna abin da ke gabansa: wa ke da ikon ce masa a'a, kuma me ya yi a baya da aka ce masa a'ar. A Senegal majalisar tsarin mulki ta soke ɗage zaɓen ranar 15 ga Fabrairu, Sall ya ce zai bi hukuncin. Aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris, ya miƙa mulki ga Bassirou Diomaye Faye ranar 2 ga Afrilu.